WANE IRIN RUFI YA DACE DA GIDAN MA'AIKACI A KANO?

Duk wanda ya bi Titin Zariya daga gadar Dangi, ya ratsa Gyadi-Gyadi, ya wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano har ya kai Unguwa Uku, in ya ɗaga kai zai ga abin da muka gani. Sababbin gidaje sun tashi da dogayen rufi masu tsini, waɗansu baƙaƙe, waɗansu ruwan ƙasa, waɗansu shuɗi mai duhu, har wani rufin ya fi bangon da ke ɗauke da shi tsawo. Ba mu musa ba, suna da kyaun gani daga bakin titi. Amma fa mai gida ba a bakin titi yake kwana ba, cikin ɗaki yake kwana shi da iyalinsa, kuma watan Afrilu ba ya fashin zuwa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, akawu da malamin makaranta sau ɗaya sukan yi gini a rayuwarsu. Attajiri in ya yi kuskure sai ya rushe ya sake. Ma'aikaci kuwa da adashi yake sayen fili, da rance yake zuba harsashi, wani ma sai kuɗin sallama sun fito sa'an nan ya yi rufi. Abin da ya ɗora a kansa ran nan, ƙarƙashinsa zai tsufa, shi kuma 'ya'yansa za su gada. Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane. Sabo da haka muka ga ya kamata mu zauna da masu karatunmu mu yi lissafin nan tun ba a tafi kasuwa ba.

Tarauni Jiya Da Yau

Dattawa sun san lokacin da Tarauni da Gyadi-Gyadi suke ƙauyuka a bayan ganuwa, gonakin dawa da gero da gyaɗa sun kewaye su, iska tana kaɗawa ba abin da ya tare ta. Sa'ad da birni ya cika ya tumbatsa, musamman bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, sai ma'aikata suka yi ta fitowa, aka yanka filaye, gwamnati ta gina rukunin gidajen Kundila, gonaki suka zama unguwanni. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 220,000 a Ƙaramar Hukumar Tarauni, alhali faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 28 ba. In mai karatu ya raba, zai ga kusan mutum 8,000 ke nan a kowane murabba'in kilomita, tun a wancan lokaci.

To, wannan cunkoso ya sake yanayin wurin. Bango ya haɗu da bango, an sare itatuwa, kwalta da siminti suna shan rana da yini su yi ta huci da dare. Wutar lantarki kuma kowa ya san halinta, ta fi ɗaukewa a daidai lokacin da aka fi bukatarta. Wanda ya yi gini da nufin fanka da na'urar sanyaya ɗaki za su rufa masa asiri, ya ɗora wa albashinsa kuɗin mai har abada. Gidan ma'aikaci dole ya zama mai iya sanyaya kansa da kansa.

Shekarar Kano

Kafin a zaɓi kayan gini sai a san abin da za su yi fama da shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ƙura ta turnuƙe, sanyin asuba yakan sauko wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas. Daga Maris zuwa Mayu bazara ce, zafin azahar yakan kai digiri 38, waɗansu ranaku ya haura 40. Daga Yuni zuwa Satumba damina, Agusta kuwa shi ne uban ruwa. Abin da ke sauka a shekara wajen milimita 800 ne, wata shekara ya haura, wata ya gaza. Watau ruwa na wata huɗu ne, rana kuwa ta shekara ce duka.

Akwai kuma abu biyu da ba kowa ya lura da su ba. Na fari, Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka da tsakar rana hasken yana saukowa ne kusan a miƙe, har sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka. Rufi ke nan shi ke ɗaukar mafi yawan zafin da ke shiga gida. Na biyu, da rani iskarmu busasshiya ce, dare yakan huce ƙwarai, har bambancin azahar da asuba ya kai digiri 15 ko fiye. A Ikko da Fatakwal ba haka abin yake ba, can gumi ne dare da rana, ruwa kuma ya ninka namu. Duka ana ce musu ƙasar zafi, amma zafin iri biyu ne. Zanen gidan da ya dace da bakin teku ba lalle ya dace da Darmanawa ko Hotoro ba, balle wanda aka kwafo daga ƙasashen da ƙanƙara ke sauka.

Hikimar Magina Na Da

Kakanninmu ba su da ma'aunin zafi, amma sun san wannan bambanci na dare da rana, kuma da shi suka yi aiki. Sukan haƙo jar ƙasa, su caɓa ta da ruwa da ciyawa, su mulmula tubali su shanya. Bangon yakan yi kauri ƙwarai daga ƙasa, ya riƙa sirancewa yana hawa. In an zo rufi sai a jera azara, watau gangar giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika cinta ba, a shimfiɗa zana a kai, a zuba ƙasa a daɓe. Azara ba ta ɗaukar nauyi in faɗin ya wuce kamar ƙafa 6 ko 7, shi ya sa gwanaye suka ƙago baka, suna ɗaure azara bisa azara cikin ƙasa har ta lanƙwaso ta haɗu a tsakiya, a sami zaure mai faɗi ba ginshiƙi. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin shekarun 1830, shi ne abin misali a wannan sana'a.

Don tsare ruwa kuwa suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina irin ta Ƙofar Mata, da gashin awaki daga majema, da ruwan dafara. Sa'an nan a sa indararo ya tofar da ruwa nesa da gindin bango.

Asirin wannan gini yana cikin kaurinsa. Zafin da ya bugi soro da hantsi ba ya ratsawa ya isa ciki sai bayan sa'o'i masu yawa, dare ya yi, mutane suna shan iska a tsakar gida. Kafin gari ya waye sanyin dare ya huce bangon, ya shirya wa rana ta gaba. Da hunturu kuwa wannan ɗumin da ya makara shi ne bargon mai ɗaki. Wanda ke shakka ya shiga Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa da azahar a watan Afrilu, sa'an nan ya fito ya shiga ɗakin kwano marar silin. Jikinsa zai ba shi amsa.

Inda Soro Ya Gaza

Kada a ce muna kiran jama'a su koma zamanin da. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mutanen da suka bar soro suka koma kwano ba wauta suka yi ba. Soro yana son yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, ma'aikacin da ke ofis daga safe zuwa la'asar kuwa ba shi da wannan sukuni. In aka yi sakaci ruwa ya shiga azara ta ruɓe, ƙasar da ke kai mai nauyi ce, in ta rufto takan yi kisa. A watan Agusta 1988 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta fashe, dubban gidaje suka rushe a Kano da kewayenta, galibi na ƙasa. Ga shi kuma giginya ta yi ƙaranci, masu haɗa laso sun ragu.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kwano da siminti suka sami hanyar zuwa daga bakin teku. Da aka fara yin siminti a cikin ƙasa, a Nkalagu a 1957, a Sakkwato a 1967, a Ashaka a 1979, sai bulo ya zama kayan kowa. Kwano ya raba mu da yoyo da yaɓen shekara-shekara, wannan alheri ne babba. Amma ya zo da nasa sharri: siriri ne, ba ya jinkirta zafi ko na minti goma. Malaman makaranta sun fi kowa sani, gama sun ga yadda yara ke gyangyaɗi a aji bayan ƙarfe goma sha biyu, sun kuma ga yadda darasi ke tsayawa cik in ruwa ya fara dukan kwano. Likitoci kuma sun daɗe suna gargaɗi cewa cunkoso a ɗaki marar iska da bazara yana taimakon sanƙarau, Kano kuwa ba ta manta da annobar 1996 ba.

Ashe ke nan kowanne da aikinsa. Kwano gwanin tare ruwa ne, ƙasa gwanar tare zafi ce. Mai hankali sai ya nemi yadda zai sa su biyu su yi masa aiki tare, maimakon ya ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya.

Zaɓen Kwano

A Ƙofar Ruwa da sauran kasuwannin kayan gini za a tarar da kwano iri uku. Akwai na ƙarfe da aka shafe da tutiya, wanda ake sayarwa bandir-bandir. Shi ya fi araha, amma in shafen ya yi ƙaranci yakan yi tsatsa cikin 'yan shekaru. Akwai na alminiyam, wanda ake yankowa daidai da tsawon rufi. Ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, mahaɗarsa kaɗan ce, don haka yoyonsa kaɗan. Akwai kuma mai tsakuwa a bayansa. Yana rage ƙarar ruwa, amma ya fi tsada, ya fi son katako, jabunsa kuma yakan zubar da tsakuwar. Kowanne aka zaɓa a dubi kauri. Alminiyam mai kaurin milimita 0.45 da mai 0.55 ba ɗaya ba ne, kuma ba duk abin da aka rubuta a rasit ne ke jikin kwano ba. A tafi da kafinta amintacce, a sa a auna a gaban mai saye. Araha ba ta ado.

Bayan kauri sai launi, nan kuwa ne aka fi yin asara ba a sani ba. Farin rufi yana mayar da wajen kashi 70 cikin 100 na hasken rana, baƙi kuwa yana shanye fiye da kashi 80, har zafinsa da azahar yakan wuce digiri 65. Kowane malami yana iya nuna wa yaransa wannan: a sami gutsuren kwano biyu, a shafa wa ɗaya farin fenti, ɗaya baƙi, a ajiye su a rana rabin sa'a, a ce yara su taɓa. A birnin Ahmadabad na Indiya, bayan da zafin 2010 ya kashe fiye da mutum 1,000, hukuma ta fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ta shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti da farar ƙasa. Fari da baƙi kusan kuɗinsu ɗaya a kasuwa. Wanda ya sayi baƙi don ya yi kama da na maƙwabci, da kuɗinsa ya sayi zafi.

Sai kuma tsayin rufi. Turawan arewacin duniya suna tsananta gangaren rufinsu ne don ƙanƙara ta zame kada ta taru ta karya shi. Mu ba mu da ita. Ga lissafi, akawu ya gwada da kansa. Gida mai faɗin murabba'in mita 100, in aka ba rufinsa gangare na digiri 25, kwanon murabba'in mita 110 zai rufe shi. In aka kai gangaren digiri 45, sai an sayi 141. Ƙarin 31 ke nan, fiye da rubu'i, ban da katako da ƙusa da ladan kafinta. Gaskiya ne dogon rufi yana nisanta kwano da kan mutane, amma in an toshe shi ba mafitar iska, rumbun zafi kawai aka gina. Wannan rarar kuɗi da an zuba ta a silin da ta fi amfani.

Silin Da Mafitar Iska

A ganinmu ɗakin kwano marar silin bai gamu ba tukuna, ko da an shafe shi da fenti mai tsada. Aikin silin shi ne ya tsaya tsakanin kwano mai zafi da mutane. Amma ba ya cika aikinsa sai an bar wa iskar da ke tsakani hanyar fita, watau ƙananan kafofi a ƙarƙashin bakin kwano da kuma can sama kusa da ƙololuwa, a rufe su da ragar waya sabo da jemagu da ɓeraye. Iska mai zafi sama take yi, in ta sami ƙofa sai ta fice, mai sanyi ta maye gurbinta. Wanda ke da hali ya shimfiɗa takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano, ko soson tare zafi a bisa silin. Silin kuma ya yi tsawo, kada ya gaza ƙafa 10 daga daɓe.

Silin na roba yana da araha, ruwa ba ya ɓata shi, amma in gobara ta tashi yakan narke ya yi mugun hayaƙi. Wanda ake kira P.O.P. yana da kyau, yana jure wuta, sai dai yoyo kaɗan ya isa ya lalata shi. Muna kuma jan kunnen masu gyaran tsofaffin gidaje game da asbesto, wanda aka yi ta yin silin da rufi da shi a da. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙurarsa tana jawo cutar daji a huhu, Ingila ta hana shi a 1999, ƙasashen Tarayyar Turai duka a 2005. In yana zaune lafiya a bar shi a shafe shi da fenti. In dole a cire, a jiƙa shi da ruwa, a rufe hanci, kada a yanka da zarto, kada a bar yara su yi wasa da gutsattsarinsa.

Iskar Farkon Damina

Kowace shekara da hadarin fari mukan ji labarin rufin makarantu da gidaje da iska ta yaye. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa. Iska ba ture rufi take yi ba kawai, tsotsarsa take yi daga sama tana kuma tura shi daga ƙasa, ta bakin kwano da ta tagar da aka bari a buɗe. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da muke gani a kan rufi shaida ce cewa ba a ɗaure shi tun farko ba.

Ɗaurin kuwa daga bango yake farawa. A zagaye gidan da linta ta kankare, a bar rodi ko langa-langa a cikinta, a naɗe katakon da ke kwance bisa bango da su. Ƙusa a buga ta a kan tudun kwano, kada a buga cikin kwarin da ruwa ke bi, a kuma yawaita ta a gefe da kusurwa, gama nan iska ke fara kamawa. Rufi mai gangare huɗu ya fi mai gangare biyu jure iska. Waɗansu sukan ɓoye kwano a cikin rawani, watau su ɗaga bango ya kewaye shi. Wannan yana kare shi daga iska, amma yana hana bango inuwa, kuma in ganye da leda suka toshe magudanar, ruwa cikin ɗaki zai sauka.

Katako kuma a 'Yan Katako na Na'ibawa a zaɓi busasshe, domin ɗanye yakan karkace ya saki ƙusa. A shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, kafin a ɗora. Mu kam mun fi son kwano ya zarce bango da kamar ƙafa 2, ya yi masa laima daga rana da feshin ruwa, muddin an ɗaure bakin da kyau. In aka sa masa magudana da tanki, wata riba ce: ruwan milimita 800 a kan murabba'in mita 100 lita 80,000 ne, watau durom 400, a unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka a wurin 'yan garuwa.

Bango

Bulon siminti shi ne a hannun kowa, amma kowa ya san yadda waɗansu masu buga shi ke tsawaita buhu. A karce bulo da ƙusa, in ya yi ta zubar da yashi a bar shi. Wanda zai iya, ya sayi simintinsa ya kawo mai bugawa fili, ya tsaya a kai. Yashin Chalawa in an damƙa a hannu ya dunƙule ya ɓata tafi, da laka a ciki. Bulo yana son inuwa da ban ruwa safe da yamma har mako guda aƙalla, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da shi tun bai yi ƙarfi ba. Bangon waje a yi shi da mai inci 9, a shafe shi da launi mai haske.

Akwai kuma hanya ta uku da muke so ma'aikata su sani, watau bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, a sa masa siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100. Injin hannu na wannan aiki an ƙago shi a ƙasar Kolombiya cikin shekarun 1950, kuma Cibiyar Binciken Gini da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana koyar da shi. Ba shi da rami a ciki, yana jinkirta zafi kusan kamar tubali, yana kuma jure ruwa fiye da shi. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da irin wannan bulo, ya yi mata silin na ƙasa, sa'an nan ya ɗaga kwano sama da shi a kan ƙarafa, iska tana ratsawa tsakani. Wannan aiki ya ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma maginin ya sami kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, garin Hausawa 'yan'uwanmu, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gama sabon masallaci da irin wannan bulo a 2018, suka mai da tsohon ɗakin karatu. Abin da muke raina wa sunan ginin talaka, ga shi duniya tana ba shi lambar girma.

Wanda ya gaji ɗakin ƙasa mai ƙarfi kuwa, kada ya yi gaggawar rushe shi. Ya ɗora masa kwano mai baki, ya gyara gindin. Amma ya yi hattara da yaɓa siminti a kan bangon ƙasa, domin ba sa kama juna sosai, in ya tsage ruwa yakan shiga ta baya ya yi ta ci ba a gani.

Game da rufin kankare, yana da amfani ga mai niyyar ɗora bene. Sai dai shi ma yana shan rana da yini ya sako ta da dare, in ba a yi masa farin shafe ko rumfa a kai ba. Nauyinsa kuma ba abin wasa ba ne, kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28. Benen da ake ginawa a Titin Beirut wanda ya rufta a watan Agusta 2022 ya isa wa'azi. Wannan aikin injiniya ne, kada a bar wa birkila shi kaɗai.

Zaman Gida A Fili

Akwai abin da ba a saye da kuɗi, sai dai a yi tunaninsa tun a takarda. In fili ya yarda, dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, manyan tagogi su kasance a can. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, don haka a ba shi makewayi ko ɗakin ajiya, kada a ba shi ɗakin kwana. Bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, a kyautata yaɓensa. Kowane ɗaki ya sami taga biyu a bangaye dabam-dabam don iska ta shiga ta fita. Tagar da ake turawa gefe rabinta kaɗai ke buɗewa, a tuna da wannan. A bar tsakar gida ko ƙanƙanuwa ce, kada a malale ta duka da siminti, a dasa darbejiya ko mangwaro nesa kaɗan da harsashi.

Harsashin kuma a ɗaga shi sama da titi, a shimfiɗa baƙar leda kafin a zuba daɓe don kada damshi ya hau bango. A tambayi tsofaffin unguwa ko filin tsohon kududdufi ne da aka cike da shara, ko hanyar ruwa ce. A kai zane ga Hukumar Tsara Birane ta Jiha, watau KNUPDA, a sami izini tun ba a haƙa rami ba. Rigakafi ya fi magani.

Abin Da Za A Fara Da Shi

Mun san albashi ba ya ɗaukar duk wannan a lokaci guda. To, ga yadda muke ganin ya kamata a jera. Harsashi da linta da ɗaurin rufi su ne na fari, gama ba a komawa a gyara su sai da rushe-rushe. Sa'an nan kwano mai kauri, mai haske, mai matsakaicin gangare. Sa'an nan silin da mafitar iska da tagogi. Tayil da fentin ado da ƙofar ƙarfe mai zane duk suna iya jiran shekara mai zuwa, ba wanda rashinsu ya taɓa hana barci. Ɗaki uku da aka gina sosai sun fi biyar da aka tsawaita musu buhu.

Kafin mai karatu ya biya kuɗin kwano, muna roƙonsa ya yi abu guda. Ya nemi abokin aiki wanda ya riga shi yin gini da irin kayan da yake sha'awa, ya kai masa ziyara da ƙarfe uku na rana a cikin bazara, ranar da babu wuta, ya zauna a ɗakin sa'a guda. Ya kuma tambayi uwargida, domin ita ke yini a ciki. Abin da ya ji a jikinsa ran nan, shi zai ji shekara talatin.

Allah ya ba kowane ma'aikaci ikon mallakar nasa, ya sa ya shiga lafiya, ya zauna lafiya.